Ga Malamin da ya tambaye ni nawa Rashawa suka biya ni

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin wasanni na rediyo ka ambaci sunana, duniya na saurare, ka ce in fito in faɗi nawa Rashawa suka ba ni na ɓata shafi guda kan Vitalia Diatchenko, macen da a cewarka ba ta taɓa tsinana komai a wasan tanis ba, ƙasarta kuma tana yaƙi a Yukren, alhali ga namu 'ya'yan babu mai waiwayarsu. Kana da lambata. Da ka kira ni da mun kashe maganar tsakaninmu, amma tunda a bainar jama'a ka zaɓa, ni ma a nan zan amsa.

Batun kuɗin shi ya fi ƙona mini rai. Wallahi ko sisin kwabo ban karɓa daga hannun kowa ba. Na daɗe ina rubutu kan wasanni, waɗanda muka yi aiki tare suna raye, je ka tambaye su ko sun taɓa jin an sayi alƙalamina. Kai babba ne, ina ganin girmanka, amma girma ba ya halatta ƙazafi. Ko ka kawo hujja, ko ka janye maganar a shirin da ka faɗe ta. Ina kuma zargin ba tanis ne ya dame ka ba, domin ban taɓa jin bakinka a kansa ba sai ranar da ka ga hanyar taɓa mutuncina.

Ka ce ba ta ci komai ba. A Sochi aka haife ta a 1990. A 2014 ta ɗauki kofi a Taipei, ta hau matsayi na 71 a duniya. Shekara ta zagayo, ta haɗu da Serena Williams a zagayen farko na gasar US Open, ƙafa ta hana ta ƙarasa wasan, ta fice ana cin ta 6-0, 2-0. Mutane da yawa a nan suka rufe littafinta. Jinya ta jefa ta can ƙasa, ta koma ƙananan gasanni tana tara maki kaɗan-kaɗan. A 2018 sai da ta bi ta wasannin share fage kafin ta shiga babbar gasar Wimbledon ta Ingila, ba ta ma cikin ɗari na farko a jerin duniya, ta kuma fitar da Maria Sharapova a zagayen farko bayan Sharapova ta ci ta a zubin farko na wasan. Ta kai zagaye na uku. A 2019 ta sake ɗaukar kofin Taipei. Wannan ce kake cewa ba ta tsinana komai ba?

Amma ni ba kofunan ne suka sa na yi rubutun ba, rayuwar da ke ƙarƙashinsu ce, wadda talabijin ba ya nunawa. A matakin ƙasa na gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF, dala 15,000 ce ladan gasar gaba ɗaya, a raba wa kowa da kowa. Wadda ta ɗauki kofi ba ta samun dala 2,500, wadda aka fitar a zagayen farko ko 200 ba ta gani. Daga ciki za ta biya jirgi, ta biya ɗaki, ta biya mai ɗaura wa raket zare, in tana da koci ta ci da shi. Shi ya sa za ka ga 'yan mata sun tare a Sharm el-Sheikh ta Masar, ko Monastir ta Tunisiya, ko Antalya ta Turkiyya, inda ake gasa mako bayan mako a wuri ɗaya, su biyu a ɗaki, suna wanke kayan wasa da hannu su shanya a baranda, gobe su buga a fili babu 'yan kallo. Binciken da ITF ta yi kan shekarar 2013 ya nuna cewa cikin 'yan wasa kusan 14,000, sama da 6,000 ba su samu ladan ko dala ɗaya ba. Sana'a ce irin ta ɗan koli, yau kasuwa ta yi, gobe ko kuɗin mota bai fita ba. Macen da ta jure wannan har ta haura shekara talatin da haihuwa tana bugawa ta cancanci shafi guda, ko 'yar ina ce.

Maganar yaƙi ba zan ja ta ba. Ban yabi gwamnatin Rasha ba, ba na kuma murna da jinin kowa. Tun Maris 2022 'yan wasan Rasha ke bugawa ba tuta, an soke gasannin duniya a ƙasarsu, Wimbledon ta hana su shiga a shekarar. A Afrilu 2023 kamfanin jirgin saman Poland ya hana Diatchenko hawa jirgi a Alƙahira saboda fasfonta, tana kan hanyar zuwa gasa a tsibirin Kosika na Faransa. Manyan taurari suna da masu shirya musu tafiya. Ta ƙasa ita ke tsayawa da jakar raket a gaban kantar filin jirgi tana roƙo.

Namu 'ya'yan kuwa, a nan ne kawai muka haɗu da kai, kuma ni abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yarinyarmu mai koren fasfo ta san zafin layin biza tun kafin kowa ya ji labarin Rashawa. Bambancin shi ne 'yar Rasha ta taso ta tarar da filaye da kociyoyi da gasanni a gida. Tamu fa? A baya Legas ta yi shekaru tana shirya gasar Kofin Gwamna mai ba da makin duniya, amma mu a Arewa gasar Dala ta Kano muke tinƙaho da ita, ita kuma ta cikin gida ce. Yarinya ta iya wasa a Kano ko Kaduna, sai ta ƙetare hamada kafin sunanta ya shiga jerin duniya, iyayenta kuma ba su da kuɗin jirgi. Masu hali a cikinmu suna kashe abin da ya ninka dala 15,000 a biki ɗaya. Kai kana zama da su, suna jin maganarka fiye da tawa. Tambaye su, a rediyon nan, wane ne zai ɗauki nauyin gasar mata mai ba da makin duniya ko da guda ɗaya a Kano.

Wassalam.