Zuwa ga Ɗana, a Kan Yaron da Doka Ta Kira Dabba

Agege, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so a can Akoka, na karanta daftarin nazarin da ka bar mini a kan littafin The House of the Scorpion na Nancy Farmer, na kuma sake bin littafin kansa domin kada in yi maka hukunci da ɗan abin da na tuna. Na ga ya fi in rubuto maka da in jira zuwanka gida, saboda maganar tana da tsawo, kuma ka san zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi a ranar Asabar.

Rubutunka yana da tsafta, kuma ka riƙe zaren labarin. Inda nake da magana shi ne jigon da ka zaɓa. Ka ƙarar da yawancin shafukanka wajen kafa hujjar cewa Matt, yaron da aka yi kwafinsa daga jikin tsohon sarkin fataucin ƙwaya El Patrón, mutum ne kamar kowa. Babu mai karatun da zai yi maka musu a kan wannan, domin tun a surorin farko mun gan shi yana ɗan shekara 6, kulle a ɗan gidan Celia mai dafa abinci a tsakiyar gonakin opiyom, yana leƙen yara ta taga yana marmarin a yi wasa da shi. Marubuciya ta riga ta ba mai karatu wannan amsar kyauta, kuma manazarci ba ya zubar da guminsa a kan abin da aka ba kowa kyauta. Tambayar da ya kamata ta riƙe tarkenka, wato nazarinka, ita ce: su wane ne suke cin ribar a ce wannan yaro dabba ne, kuma da wace dabara suka sa jama'a suka yarda?

Batun ƙwayoyin gado da tarbiyya, wanda ka ba shi babi guda, sakin layi ɗaya ya ishe shi. An haifi tunkiyar nan Dolly, wadda aka yi kwafinta daga jikin wata tunkiya, a Cibiyar Roslin ta Sikotilan a 1996 bayan gwaji 277, aka sanar da duniya a 1997, littafin kuma ya fito a 2002, lokacin da ƙurar wannan labari ba ta gama kwantawa ba. Shi ya sa ya buɗe da ɗigon rai 36 a ɗakin gwaji, waɗanda ɗaya kaɗai ya rayu a cikinsu. Amma tun a 2001 an yi kwafin wata kyanwa a jihar Texas ta Amurka, ta fito da launin gashi dabam da na wadda aka kwafo ta daga jikinta, kuma kafin duk wannan kowace unguwa ta san Hassan da Husainin da ba a bambance fuskarsu amma halinsu ya sha bamban. Idan kana son ka taɓo addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta kwafin ɗan Adam a zamanta na Jidda a 1997. Ka lura dai cewa haramcin yana kan mai aikatawa ne, kuma wanda aka samar ba ya ɗaukar laifin wanda ya samar da shi.

Ka koma wurin da Matt ya diro ta taga ya faɗa kan fasassun gilashi, yaran gidan masu mulki suka ɗauke shi a guje zuwa babban gida. A nan kowa yana rawar jiki a kansa, ana goge jini, ana neman likita, ana lallashinsa kamar kowane ɗa da ya ji rauni. Ana cikin cire gilashin ne aka ga rubutun da aka zana a tafin ƙafarsa mai cewa shi dukiyar gidan Alacrán ne, wato gidan El Patrón, kuma nan take hannayen da suke jinyarsa suka ja da baya, aka fitar da shi waje aka yar a kan ciyawa. Jininsa bai sauya ba, kukansa bai sauya ba, rubutu kawai aka karanta. Daga nan Rosa mai aikin gida ta kulle shi watanni a ɗakin da ta zuba wa garin katako irin wanda ake shimfiɗa wa kaji, har yaron ya daina magana. Wannan shafi shi ne ƙashin bayan littafin, kuma daga gare shi ya kamata ka fara warware jigonka.

Da ka tsaya a nan, za ka ga yadda dokar wannan duniya tasu take aiki, kuma ita ce mafi munin abin da marubuciyar ta ƙaga. Doka ta ce duk wanda aka rene shi a mahaifar saniya yana cikin lissafin dabbobi, sannan ta wajabta a lalata ƙwaƙwalwar kowane kwafi tun ranar da aka ciro shi. Saboda haka duk kwafin da mutane suka taɓa gani, kamar na attajiri MacGregor wanda Matt ya tarar ɗaure a gadon asibiti yana kururuwa, halitta ce marar hankali mai ban tsoro. Wato doka ce da kanta take ƙera shaidar da za ta kafa hujja da ita: a nakasa yaro tukuna, sannan a nuna shi a ce wa jama'a ku duba da idonku, wannan ya yi kama da mutum? Bayan haka likita zai iya ciro zuciyarsa ko hantarsa ya dasa wa mai kuɗi, ya koma gida ya yi barci. Haka ma bayin gonakin opiyom, waɗanda asalinsu talakawa ne masu ƙoƙarin tsallaka iyaka tsakanin Amurka da Aztlán, ƙasar da a da ake kira Meziko. Ana kama su a dasa musu 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, su koma ba sa ko shan ruwa sai an umarce su, har Matt ya ga gawar ɗayansu a gona wanda ƙishirwa ta kashe. An haifi waɗannan mutane kamar kowa aka mayar da su kayan aiki, shi kuma Matt an samar da shi a matsayin kayan aiki ya tashi mutum. Idan ka jera su gefe da gefe, za ka ga cewa iyakar da aka shata tsakanin mutum da abin mallaka tana matsawa ne duk inda buƙatar mai gona ta matsa.

Kada ka ɗauka wannan abu ne na ƙasashen da ba a taɓa gani ba. A watan Maris na 2023 wata kotu a Landan ta sami tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, da matarsa da wani likita da laifin kai wani saurayi Ingila domin a ciri ƙodarsa a dasa wa 'yarsu marar lafiya, sannan a watan Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara 9 da wata 8. Saurayin nan a cikin garin nan namu yake tallar kayan wayar hannu a baro, irin samarin da kake giftawa kullum a bakin titi ba ka ko dubi fuskarsu ba, kuma an gabatar da shi ga likitoci a matsayin ɗan'uwan yarinyar alhali ba su haɗa komai ba. Ni uba ne, na san abin da ciwon ɗa yake yi wa hankali, don haka ban kawo wannan domin ka yi dariyar kowa ba. Na kawo shi ne domin ka ga cewa a nan ma sai da aka fara sauya wa mutum suna a takarda kafin a nufi jikinsa. Idan malaminka ya yarda da kawo misali daga waje, jimla biyu sun isa, kada ya rinjayi littafin.

Inda daftarinka ya fi rauni shi ne kan El Patrón, domin ka zana shi azzalumi tsagwaro ka wuce. Marubuciyar ta fi ka wahalar da kanta a kansa. Shi ne ya hana a taɓa ƙwaƙwalwar Matt, shi ne ya fitar da shi daga ɗakin garin katako, ya ɗaukar masa malamai, ya ba shi Tam Lin ya zama mai tsaronsa, kuma yaron ya ƙaunace shi da zuciya ɗaya domin bai taɓa ganin fuskar da ta yi kama da tasa haka ba. Tsohon, wanda ya haura shekara 140, ya taso cikin baƙin talauci a Durango, 'yan'uwansa duk suka mutu da ƙuruciya, kuma ya ɗauka cewa duniya tana riƙe da bashin rayukansu da dole ta biya shi. Abin da yake so a jikin Matt shi ne ya kalli ƙuruciyar da bai samu ba ana yi masa ita a gabansa, da littattafai da kiɗa da ƙoshi, kafin ranar da zai buƙaci zuciyar. Ƙaunar gaskiya ce, kuma ba ta taɓa kaiwa ga yaron ba, domin kansa yake gani duk sa'ad da ya dube shi. Ka duba walimar zagayowar ranar haihuwar tsohon, inda Matt ya mayar da abokin gabarsa Tom teburin jarirai, ya kuma tilasta wa abokiyar wasansa María ta sumbace shi a gaban jama'a. Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, domin a ranar ne yaron ya fi kama da shi. Wannan shafi ya hana ka cewa Matt tsarkakakke ne da aka zalunta kawai, domin irin yana jikinsa, kuma da ya sami taki da ya tsiro.

A nan zan ɗan ratse in yi maka maganar gida. Tun kana ƙarami tsofaffin Agege suke cewa kai da marigayi mahaifina kamar an tsaga kara, kuma sunansa ka ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Wannan girma ne, kuma ina so ka riƙe shi. Amma idan wata rana wani babba, ko a wurin aiki ko a siyasa ko ma a cikin dangi, ya jawo ka jiki yana cewa yana ganin kansa a jikinka, ka ji daɗin maganar daidai gwargwado, sannan ka lura da yadda fuskarsa take a ranar da ka zaɓi abin da shi ba zai zaɓa ba. Celia da Tam Lin ba su haɗa jini da Matt ba, amma su ne suka sa ransu a haɗari domin ya rayu: ita ta riƙa ba shi guba kaɗan-kaɗan domin zuciyarsa ta zama ba ta da amfani ga masu dashe, shi kuma ya koya masa hawan dutse da zaman daji tun kafin yaron ya san dalili, sannan ya nuna masa hanyar tsallaka iyaka a ranar da aka ba shi umarnin kawar da shi.

Ba ka ce komai a kan zubi da tsarin littafin ba, alhali akwai abin faɗa tun a shafin abubuwan da ke ciki. An kasa shi bisa shekarun Matt, inda aka kira shekara 0 zuwa 6 ƙuruciya, 7 zuwa 11 tsakiyar rayuwa, 12 zuwa 14 kuma tsufa. Mai karatu mai lura zai gane tun kafin yaron ya gane cewa an riga an auna masa kwanakinsa, kuma wannan shi ne sanin da yake sa kowace kyauta da tsohon ya ba shi ta yi nauyi a zuciya. Kashin da ya biyo baya, na zamansa a sansanin marayu a Aztlán, a ganina bai kai na farko ƙarfi ba, har yakan yi kamar wani littafi ne aka liƙa. Amfaninsa ɗaya ne, kuma ka ambace shi a taƙaice: masu kula da marayun suna wa'azin daidaito da sadaukar da kai alhali suna cin mai kyau yaran suna cin abincin ƙyama, wanda ya nuna cewa cin jikin marar galihu ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Ƙarshen littafin ne nake so ka yi kokawa da shi da gaske. Bayan mutuwar tsohon, mahaifiyar María ta bayyana wa Matt cewa doka ba ta yarda da mutum ɗaya sau biyu a lokaci guda ba, don haka idan na asali ya mutu kwafinsa ne yake maye gurbinsa. Dokar da ta jefa shi cikin garin katako ita ce ta wayi gari ta miƙa masa ƙasar da El Patrón yake mulka sukutum, ba tare da ya sauya ko gashi ɗaya ba. Yawancin ɗalibai za su rubuta cewa wannan nasara ce, kuma yana da niyyar tumɓuke gonakin ya 'yantar da bayin. To amma ka lura cewa ba a ba shi mulkin domin an yarda shi Matt ne ba, an ba shi ne domin an ce shi El Patrón ne, kuma ƙofofin ƙasar ma sun buɗe masa ne saboda na'urori sun ɗauke shi tsohon. Yaron da ya ƙarar da littafi guda yana ƙwatar kansa daga wannan suna, da sunan aka ɗora shi a kan kujera yana ɗan shekara 14. Ko marubuciyar ta yi hakan da gangan domin ta bar mai karatu cikin damuwa, ko kuwa sauri ta yi ta rufe labari, dole ka ɗauki matsayi ɗaya ka kare shi da abin da ke cikin shafukan. Ta dawo kan batun a littafi na biyu, The Lord of Opium, a 2013, amma kada ka aro hujja daga can, domin littafin farko aka ce ka tarka. Ni na fi karkata ga cewa da gangan ne, saboda abin da Matt ya yi wa Tom da María a walimar da ta riga ta nuna mana, amma idan ka ga akasin haka ka rubuta naka, ka kawo mini mu yi musu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka.