Zuwa ga mutumina na Fatakwal

Assalamu alaikum.

Tun ƙaramar salla ban ji ɗuriyarka ba, Alhajin birni. Ya Fatakwal da ruwan samanta? Mu nan rana ke gasa mu, da azahar ko akuya gindin bango take bi. Wai da gaske za ka zo ɗaurin auren ango? Faɗa min in sa a gyara ɗaki.

Ga abin da ya hana ni haƙuri. Ka san sabulun ruwan da Yaya ke haɗawa tana kai wa masu shaguna a Mabera. Kullum kukanta ɗaya ne: da ta zuba ruwa a kan Texapon, sinadarin da take haɗa sabulun da shi, sai ya dunƙule ya yi gudaji, ta yi ta tuƙi da muciya har kafaɗa ta gaji. Alhali kafin ruwan da laushinsa. Ta yaya ruwa zai ƙara wa abu tauri? Wallahi makon jiya na ga amsar da idona a ɗakin gwajinmu na jami'a a Dundaye.

Kowace ƙwayar sabulu kanta na son ruwa, wutsiyarta kuwa maiƙo ce, gudun ruwan take. Wanda Yaya ke saye kashi 70 cikin ɗari sinadari ne, ruwansa kaɗan, don haka ƙwayoyin sun jeru shimfiɗa a kan shimfiɗa, wutsiya na haɗe da wutsiya, siririn ruwa a tsakani. Shimfiɗun na zamewa a kan juna, shi ya sa yake ɗibuwa. Da ruwa ya kai wajen rabi sai jerin ya sauya, su naɗe su zama dogayen sanduna, kowace sanda shida sun kewaye ta, a cushe kamar damin kara. To wannan ba ya motsi, shi ne gudajin! Sai sinadarin ya sauko ƙasa da kashi 30 sandunan ke wargajewa, su koma ƙananan dunƙulalli masu yawo a ruwa.

Na ɗiga kowanne a gilashi na sa a maikiroskof, tsakanin matatun haske biyu da aka gicciya, inda abin da ƙwayoyinsa ke jere yake haskawa. Ruwan famfo baƙi ƙirin ya fito. Shi kuwa Texapon ya haska, ga ƙananan gicciye-gicciye da zare-zare masu ƙyalli. Gudajin nasa zanen dabam. Abu yana ruwa-ruwa amma a jere yake tsaf ciki! Na daɗe ban ɗaga kai ba.

Tun 1854 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya ga irin wannan a maiƙon jijiya. A 1888 kuma wani masanin tsirrai, Friedrich Reinitzer, a birnin Firag na ƙasar Czech ta yau, ya tarar da wani sinadarin da ke narkewa sau biyu, da fari gurɓatacce, sannan garau. Dangin nasa ne ke cikin gilashin wayarka, waccan da ba ka ɗauka in mun kira. Fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halittar jikinka ma shimfiɗar maiƙo ce mai ninki biyu.

Af, Malam ya sayar da babur ɗin nan a ƙarshe. Kada ka tambayi wanda ya saya, ka sani.

Na ce wa Yaya ta juya lamarin: ruwan a cika roba tukuna, ta riƙa sa Texapon kaɗan-kaɗan tana juyawa. Ta harare ni ta ce ita da gishiri take murje shi tun ban san hanyar jami'a ba. Ita ma da gaskiyarta. Amma ta gwada tawa, kuma jiya da kanta ta aiko min da fura. Yanzu gardamarmu kan gishirin ce: yana sa kauri, amma in ya zarce sai sabulun ya tsinke. Ina son auna inda yake juyawa kafin mu shiga jarabawa.

Inna na gaishe ka, ta ce manjan da ka yi alkawari har yanzu shiru.

Naka,
abokinka na Runjin Sambo