A fassara mana littattafan 'ya'yanmu zuwa Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan marubutanmu na ƙagaggun labarai masu rubutu da Turanci, da kuma mu da ake ba da labarinmu a ciki.

Sana'ata sayar da littattafai ce a kasuwar Wunti, nan Bauchi. Masu sayen littattafan Hausa a wurina galibinsu mata ne: matan aure, 'yan Islamiyya, da tsofaffin da ke aiko jikoki da sunan littafi a ɗan guntun takarda. A 2016, da Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala dubu 100 da littafinsa Season of Crimson Blossoms, labari ya bazu a rediyo. Wata Hajiya da ke yawan sayayya a wurina ta zo ta ce, "Malam, a ba ni littafin yaron nan da ya ci gasa." Na miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya, ta buɗe tsakiya, sannan ta ajiye a kan tebur ta ce, "Babu na Hausa?" Labarin wata bazawara ce Bahaushiya mai shekaru kamar nata. An fassara shi zuwa Faransanci, mutumin Faransa ya karanta da harshen uwarsa, ita kuwa ta tafi hannu rabbana. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ba na zargin marubucin da ya zaɓi Turanci. Wanda ya tashi yana Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko, wani ma da Fulatanci ko Jaranci ko Tangale a bakin kakarsa, shi ya san harshen da alƙalaminsa ya fi gudu a ciki. Kuma kamfanonin ɗab'i masu biyan kuɗi da manyan kyaututtuka duk a ɓangaren Turanci suke. Mutum yana da iyali, dole ya duba.

Amma mu mutanen Bauchi muna da abin tunawa. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suka yi ta yaba Turancinsa, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar lokacin yana malamin makaranta, a gasar rubutun Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933. Labarin ya fara ne daga Rauta, kusa da mu nan, ya bi yaron da aka sace aka bautar, ya ratsa Kano da hamada har ƙasar Larabawa, uwarsa na biye tana nemansa. Dubi yawan al'adun da ya ƙetare, amma bai bar Hausa ba. Sai a 1967 Mervyn Hiskett ya mai da shi Turanci, a 1976 kuma Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Wato mu muka fara karantawa, sannan duniya ta biyo baya. Haka aka yi da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara aka buga a Indiya a 2012.

A Kenya ma, Ngugi wa Thiong'o ya yi suna da Turanci, amma da aka tsare shi a ƙarshen 1977, a kurkuku ya rubuta labari da harshensa na Kikuyu a kan takardar bayan gida, daga baya ya fassara da kansa. Ban ce kowa ya yi haka ba, don ba kowane mai jin Hausa ne ya iya rubuta ta ba. Shi ya sa ake da masu fassara.

Masu karatu kuwa suna nan, kada a ce babu. Ciniki ya ja baya a shaguna, gaskiya ne, amma matan nan ba su daina karatu ba, waya suka koma, suna biyan kuɗi ana tura musu labari babi-babi ta WhatsApp. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ma, tun 2016, ta nuna yawan masu rubutu da masu saurare.

Roƙona ga malaman Hausa na jami'o'inmu na Bauchi da Gombe, da reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya na jihohin biyu, su zauna da waɗannan marubuta a nemi izininsu, a ɗauki littafi ɗaya a fara da shi. Gwamnatocin jihohi su biya mai fassara haƙƙinsa, a buga a farashin da matar aure za ta iya saye daga canjin cefane. Ku ma, ya Edita, kuna iya ware shafi kuna kawo fassarar kashi-kashi kowane mako. Idan littafin ya fito, ni na yi alkawarin ɗaukar katan na farko.

Naku,
Mai sayar da littattafai,
Kasuwar Wunti, Bauchi.