Wasiƙa daga Kumasi a kan bushewar bakin Inna

Aboabo, Kumasi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, dalilin wannan takarda shi ne maganar da ka yi mini a waya, cewa Inna ba ta iya haɗiye lomar tuwo sai da kurɓin ruwa, kuma da kofi a gefen shimfiɗa take kwana. Kun ɗora wa hunturu laifin, amma hankalina bai kwanta ba, domin da haka nawa ciwon sukarin ya fara.

Da aka auna ni a asibitin Komfo Anokye, likita ya bayyana mini cewa mai lafiya yakan samar da miyau daga rabin lita zuwa lita 1.5 a kullum, mafi yawansa daga maɓuɓɓugan da ke gaban kunnuwa da ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe. Idan sukari ya yi yawa a jini, ƙoda takan fitar da shi ta fitsari tare da ruwa mai yawa, sai jiki ya bushe, miyau ya ragu ya yi kauri da yauƙi. In ciwon ya daɗe, har jijiyoyin da ke sa maɓuɓɓugan aiki sukan yi rauni. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sukarin yakan shiga cikin miyau ɗin kansa, ta yadda abin da Allah ya yi don wanke baki da kare haƙora ya koma abincin ƙwayoyin cuta. Ni da kaina na ga fari-fari kamar kindirmo a harshena, dasashina kuma yana jini duk lokacin da na yi asuwaki. Kumburin dasashin ma yakan hana sukari sauka.

Don Allah ka kai ta a auna ta da sassafe kafin ta karya. In awon ya kai 7, ko 126 a wata na'urar, a maimaita wata rana don a tabbatar, a kuma duba mata baki. Kafin nan kada a riƙa jiƙa mata maƙogwaro da lemon kwalba ko alewa. Ruwa zalla za ta riƙa kurɓa a kai a kai.

Na turo kuɗin awo da na mota. Ka gaida Inna, ka roƙa mini albarkarta.

Naka,
Ƙaninka.