Sanarwa ga ƴan rukuni kan tallafin binciken cutar PKU

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lafiya.

Maganar neman tallafin binciken cutar PKU da muka faro ranar Asabar nake so mu ƙarasa. PKU, wato fenilketonuriya, cutar gado ce. Jikin yaro ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikin nama, ƙwai, wake da madara, sai ya taru ya illata ƙwaƙwalwa. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, tamkar sikila. Abin da ke damuna ke nan, ganin yawan auren zumunci a wajenmu. Tun 1934 aka gano cutar a Norwe, kuma ɗigon jini daga diddigen jariri kan nuna ta da wuri, a kiyaye masa abinci ya tashi lafiya.

A Amurka, ƙungiyar National PKU Alliance tana tara gudummawar iyaye da masu hali, ta ba masu bincike. Likitocinmu na asibitin Barau Dikko da na asibitin Shika, don Allah ku duba sharuɗɗansu ko za mu dace. Duk mai son a haɗa takardar neman tallafin da shi ya tuntuɓe ni ta gefe kafin Juma'a.

Allah Ya ba yaranmu lafiya.