Ledar Yamai: a raba ta tun daga gida, a mai da ta bulon daɓe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun watan Nuwamban 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Amma duk wanda ya bi ta kwarin Gunti Yena bayan ruwan farko na damina zai ga baƙar leda da ledar ruwan sha sun toshe magudanai, sauran kuma sun nufi kogin Isa. Mahauta ma sun sani: akuyar da ke ramewa alhali tana kiwo, in an yanka ta, sau da yawa dunƙulen leda ake tararwa a tumbinta.

Wasu na cewa mafita ita ce leda "mai ruɓewa". A yi hattara. Da yawa cikinta ledar man fetur ce da aka zuba wa sinadari don rana ta farfasa ta. Ba ta zama taki, sai dai ta koma ɓurɓushi a cikin ƙasa da ruwa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinta daga 2021. Wadda ake yi da sitacin masara kuwa sai ta sami zafin kusan digiri 58 da danshi a masana'antar taki kafin ta ruɓe, ba a juji ba.

Abin da za mu iya yi yau shi ne bulon daɓe. Ledar ruwan sha, wato roba mai lamba 4 a jerin lambobin da ke nuna irin roba, tana narkewa a wajen digiri 110. Ana wanke ta, a shanya ta bushe sarai, a narka a rabin ganga bisa wuta marar ƙarfi, sannan a riƙa zuba busasshen yashi da aka tankaɗe, kamar kilo 3 ga kowane kilo 1 na leda. A yi ta tuƙawa har ya haɗe kamar tuwo, a zuba cikin ma'aunin bulo na ƙarfe da aka shafa wa mai, a danne, a bari ya huce. Ba siminti, ba ruwa.

Inda aikin ke ɓaci sananne ne. Jiƙaƙƙen yashi yana barin ramukan tururi, bulon ya tsage. Wuta in ta yi yawa, ledar ƙonewa take yi, hayaƙi ya yi baƙi, bulon ya fito mai saurin karyewa. Gorar ruwa mai lamba 1 ba ta narkewa sai wajen digiri 250, don haka gudaji take bari a ciki. Mafi haɗari shi ne bututun PVC, lamba 3: hayaƙinsa guba ne ga huhu, kada ya kusanci gangar ko kaɗan. A yi aikin a fili, da takunkumi da safar hannu.

Duk wannan ya rataya ne kan rarrabewa, domin ledar da ta cakuɗe da miya da toka wankinta ya fi ta tsada. Muna kira ga shugaban birnin Yamai da ya buɗe wuraren sayen tsabtatacciyar leda a kan kilo a kasuwanni irin su Katako, ya kuma riƙa sayen bulon don daɓe titunan unguwanni da harabar makarantu. Jami'an kwastan kuma su aiwatar da dokar 2014 a bakin iyaka, inda ledar ke shigowa.

Wassalam,
Wasu masu aikin tsabtace muhalli, Yamai