Masu Shafa Gilaikolik A Hannu, A Yi Hattara

Assalamu alaikum Malam Edita, a ba ni ɗan fili.

Ni mai ƙunshi ce a Tudun Wada, nan Kaduna, hannun mata nake kallo safe da yamma. Makon jiya aka kawo min wata amarya, saura kwana huɗu biki. Tana miƙo hannu na ajiye lallen. Gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi ƙirin, bayan hannun ya saɓule yana tsattsafo da ruwa. Wai wani ruwa aka haɗa mata a roba, ba suna ba lambar NAFDAC, aka ce gilaikolik ne, wato wani sinadarin asid na gyaran fata, zai goge mata baƙin gaɓa cikin kwana uku.

Shi sinadarin ba shi da laifi, ni ma ina shafawa. A rake ake samun irinsa, aikinsa ya saki matacciyar fatar sama ta zube, ta ƙasa ta fito da laushi. Sai dai masana a Amurka sun ce na shafawa a gida kada ƙarfinsa ya wuce kashi 10 cikin 100. Mai kashi 20 zuwa 70 na likitan fata ne, shi ma mintoci kaɗan yake bari ya wanke. Mu kuwa baƙar fata, in ta ƙone baƙin tabo take bari, garin neman gira a rasa ido.

Ni da na saya, a cikin tsintsiyar hannu na fara ɗigawa, na jira kwana biyu. Yanzu sau biyu a mako nake shafawa, da dare, in bi da man kaɗe. Ran da na yi wanki da omo ba na taɓa shi. Da hunturu ya shigo hannu ya fara tsagewa kuwa, ɓoye shi nake yi gaba ɗaya, don a kan tsaga raɗaɗinsa kamar an zuba barkono. Yana kuma sa rana ta fi cin fata, har mako guda bayan an daina, shi ya sa da safe sai man kariyar rana.

Amaryar dai ban yi mata ƙunshi ba, na ce a kai ta wurin likitan fata. Gwaggonta ta fita tana mita wai na ƙi kuɗi.

Wata mai ƙunshi,
Tudun Wada, Kaduna.